Ɓeran da Na Ba Kyanwa

A gonar dabinon da Baba ke wa aiki a ƙauyen Ghuddwa na tashi, kuma ba na manta sanyin wurin. Da an idar da isha'i, Kaka, mahaifiyar Baba, za ta hura wuta da busassun rassan dabino a ƙofar ɗaki, ta ja bargo ta rufe gwiwoyinta. Ni da ƙanwata Hadiza mu matso har hayaƙi ya sa mu hawaye. Sai ta leƙa duhu kamar mai jiran baƙo, ta ce, "To, ga ta can tafe. Wa zai tarbe ta?" Tatsuniya take nufi, mu kuwa mu yi ta rige-rigen amsawa.

Tana da doka guda. Idan ta gama, ba tambaya, ba maimaici. "Ku je ku kwana da ita tukuna," in ji ta. "Yanzu a kunne take, ba ta shiga kai ba." Da safe kafin ta zuba mana kunu, sai kowa ya mayar mata da abin da ya ji. Hadiza kan tsaya tana susar kai, ni kuwa in zubo ta tiryan-tiryan. Kaka ta ce, "Mijin nan nawa rago ne wajen ɗebo ruwa, amma kansa ba ya yoyo."

Wadda na fi so ita ce ta ɓeraye biyu, wa da ƙani. Uwarsu ta tsufa, sai ta nuna musu hanyar rumbu sau ɗaya tak: a bi bayan randa, a ratsa ƙarƙashin turmi, a kauce wa murhu inda kyanwa ke kwana. Ƙanin ya koma rami ya miƙe ƙafa ya hau minshari. Wan ya ce wannan sakarci ne, ya kwana yana kai da kawowa yana maimaita hanyar don kada ta kuɓuce masa. Da gari ya waye, ƙanin ya miƙe sak har rumbu. Wan kuwa da ya isa turmi sai ya tsaya, ido jajur, ya rasa dama ya rasa hagu. Daga nan ne tatsuniyar ta tsinke mini.

Na daɗe a birnin Sabha yanzu. Bayan rasuwar Baba, Kaka ta koma Tanut wajen Hadiza. Da rana ina aikin gini, da dare ina gidan burodi, barci kuwa sai wanda na sata a cikin bas. Mantuwa ta kama ni har mudir, mai gidan burodin, ya fara kirana tsoho. Na yi kukan haka ga wani ɗalibin jami'a ɗan Agadas da ke sayen burodi a wurinmu. Ya ce, "Yaya, ai dole. In aka koya wa ɓera hanya, da ya yi barci ƙwaƙwalwarsa sake bin hanyar take yi, sinadaran cikinta su kafe ta. In aka hana shi barci sai ta zube." Na yi dariya na ce na san ɓeran nan tun ina yaro. Ban gaya masa na manta ƙarshensa ba.

Wata rana da magariba Hadiza ta kira ni a salula. Ta ce Kaka ta fara rikicewa, amma ta dage sai an nemo mata ni. Na ji muryarta siririya.

"Mijina, yaran Hadiza sun dame ni da tatsuniya. Ta ɓerayen nan ta gudu daga kaina. Kai ne mai riƙewa, maido mini abata."

Ina tsaye hannuna duk fulawa, na faro ta da kyau: randa, turmi, murhu. Da na kai inda wan ya tsaya sai na ji kaina wayam. Tana jira, ina jin numfashinta. Bakina ya kasa cewa na manta. Na ce, "Sai kyanwa ta fito ta cafke shi."

"Ta cinye shi?"

"E, Kaka."

"Allah sarki. Ni na faɗi haka?" Sannan ta ce, "To, tunda kai ka faɗa, haka ne. Allah ya yi maka albarka."

Kunya ta rufe ni, domin Kaka ba ta taɓa kashe kowa a tatsuniyarta ba, ko kura sai ta nema mata mafita. Da ina yaro na ɗauka darasin shi ne a kwanta da wuri. Yanzu na gane wan nan ne ya fi damunta, mai tsoron asara da ya hana kansa hutu, kuma tabbas ta tanadar masa hanyar komawa gida. Ban sani ba ko rashin barci ne ya cinye mini tatsuniyar ko rashin waiwaye. Na tambayi Hadiza, ta ce ita me ta sani, ai ni ne gwanin.

Makon jiya ta turo mini saƙon murya. Kaka ce a ciki tana ba yara labarin, muryarta garau. Da ta zo wajen turmi sai ta dakata, ta ce, "Ku yi haƙuri, nan wurin ba daɗi, amma haka kawunku ya ce." Sai na ji ƙaramar 'yar Hadiza ta fashe da kuka.