Ɗaurin Goro a Jikin Tarakta

Na ga abubuwa da yawa a Abijan. Wasu sun gushe da kansu, wasu ni na kore su daga raina. Amma abin da ya sami ɗana na fari a kan taraktar da yake tuƙawa, har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da shi ba.

A lokacin muna zaune a unguwar Treichville, kusa da bakin ruwa, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki. Maigidana maɗaurin goro ne. Duk fataken da ke aika goro arewa sun san shi, domin idan ya taka huhu da ƙafa ya ja igiya, sai ka ji ganye yana kuka. A sana'arsu sassauci shi ne abin kunya. Huhun da aka yi wa sako-sako iska za ta shige shi, goro ya bushe tun bai kai Maraɗi ba. Da wannan ya tashi, da shi ya yi furfura. Ko tulu ya rufe mini, sai na kira shi kafin in sha ruwa.

Ɗanmu kuwa ya ƙi goro, ya koyi tuƙi. Wani mai kwangilar gini ya ɗauke shi yana jan yashi da tarakta daga bakin ruwa zuwa Adjamé, inda ake ta ɗora gidaje. Bai daɗe da aure ba, matarsa na da ciki. Aikin kuwa mai haɗari ne, don akwai wani hawa a hanyar da ko babu kaya sai injin ya yi nishi. Kullum ya fita da safe nakan tsaya a bakin ƙofa har ƙarar taraktar ta ɓace. Uban bai taɓa tsayawa ba. Kun san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama su yi hira, gaisuwa ma a takaice yake amsawa. Amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san tun da yaron ya hau ƙarfen nan mutumin bai ƙara barci mai nauyi ba.

Wata Lahadi da hantsi mai kwangilar ya aiko bakanike ya canja mai, don a ƙofar gidanmu taraktar take kwana. Dattijo ne Bajula, wato ɗan ƙabilar Jula, mai son wasa, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ina tsince shinkafa a gindin mangwaro, ina kallonsa. Ni ban san boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Ya zubar da baƙin mai a daro, ya kwance wani gwangwani a gefen injin, wanda suke kira filta, shi ke tace mai. Ya ɗauko sabo. A bakinsa akwai wata baƙar roba kamar warwaro. Ya tsoma yatsa a sabon mai ya shafa mata, ya murza gwangwanin da hannu har ya zauna, ya ƙara rabin juyi da 'yar ɗoriya, ya saki.

Maigidana yana tsaye a kansa. Ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, maigida."

"Da hannu? Ga ƙarfe nan cike da akwatinka."

Bakaniken ya yi dariya ya ce, "Wannan ba huhu ba ne, Bahaushe. Robar nan ita ke riƙe mai. Idan ka matse ta da yawa ta fashe. Injin zai yi zafi, ita da kanta za ta kama."

Ya tayar da injin, ya duba ƙarƙashi, babu ɗigo. Ya wanke hannu, na ba shi ruwa ya sha, ya tafi. Yaron shi ma ya raka matarsa unguwa.

Bayan azahar sai na ga maigidana ya fito da guntun igiyarsa da sandan ƙarfen da yake murɗa ɗauri da shi. Ya naɗa igiyar a jikin gwangwanin, ya soka sandan.

Na ce, "Malam, mai sana'a ya ce a bari."

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Mai sana'a ba shi zai hau ba. Abu yana jijjiga tun safe har yamma, a ce hannu kawai? Ki koma kan shinkafarki."

Na sake magana, ya ɗaga mini hannu. Ya dafa ƙafa a taya, ya murɗa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Na ji wata 'yar ƙara, ƙis, kamar an taka ƙwaro. Ya shafa gwangwanin da tafin hannu a hankali, yadda ban taɓa ganin ya shafa kan ɗansa ba. Da yaron ya dawo na gaya masa. Ya dubi ƙofar ɗakin uban, ya yi murmushi, ya ce, "Inna, in Baba ya ɗaure abu ai ya ɗauru." Daɗi ma ya ji. Yau na gane a ranar ne ya fara sanin uban yana damuwa da shi, ta yaya zai je ya kwance?

Washegari ya fita. Mai bai zuba a ƙofar gida ba, da na gani. Sai da injin ya ɗauki zafi a hanya sannan ya fara tsiyaya, yana bin titi a bayansa, shi kuwa idonsa na gaba. A tsakiyar hawan nan na Adjamé, da yashi cike a baya, injin ya ƙafe ya tsaya cak. Kayan suka ja shi baya, taraktar ta karkace ta kife. Ƙafarsa ta dama tana ƙarƙashi.

Wata mai sayar da ayaba ce da ta san ni ta zo da gudu, ko kallabi babu. Kafin mu isa an kai shi asibiti. Mun tarar da shi da rai, amma likita ya ce daga gwiwa zuwa ƙasa babu abin da za a ɗinka. Aka yanke. Matarsa ta zauna a ƙasa tana riƙe da cikinta, ko kuka ba ta yi ba.

Da la'asar bakaniken ya same mu a harabar asibitin. Fuskar nan mai dariya ta koma kamar toka. Ya ce ya je wurin taraktar, sai da ya huda gwangwanin da kurfi kafin ya iya kwance shi. Ya buɗe tafinsa, ga robar ta tsage, ta baje kamar an tauna. Ya ce, "Mutane suna cewa ni na nakasa yaro da sakaci. Wallahi wannan ba hannuna ba ne."

Maigidana ya daɗe yana kallon robar. Sannan ya ce, a gaban kowa, "Ba hannunka ba ne. Nawa ne." Ya shiga ɗakin da yaron yake kwance ya faɗa masa da bakinsa. Yaron ya juya fuska bango ya ce, "Baba, ƙaddara ce."

Kowa ya zo jaje haka ya ce, malamai ma haka suka ce, kuma ban musa ba. Ɗana ya ƙare rayuwarsa a kan benci a tashar Bassam yana sayar da sigari da ashana, sanda a jingine gefensa. Uban kuwa kullum shi ke kai shi da safe ya ɗauko shi da yamma, har ƙarfinsa ya ƙare. Ban taɓa goranta masa ba, don abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi.

Amma ni, ga abin da na ɗauka. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai an gaya wa maigidana, kuma da kunnensa ya ji. Mugunta ba ta taɓa ɗana ba, so ne ya raba shi da ƙafa, son da bai san inda zai tsaya ba. Ƙwarewarka a sana'arka ba ta ba ka izinin gyara aikin wani. Idan wanda ya san abu ya ce ya isa, to ka janye hannunka, ko da zuciyarka tana ce maka ka ƙara.