Ƙotocin da Na Aika Gangara

Ni kafinta ne. Rumfata tana Agiye, bakin hanyar da ta yi gabas. Ina yin gado da ƙofa da teburin lakol, wato makarantar boko, da akwatin tufafi, kuma shekaru da dama in aka kira ni gwani ba na jin an yi ƙari. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda na ɓata sunan yayana a ƙarshen rayuwarsa, ina ji ina gani, na kuma yi shiru.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, a wani ƙauye kusa da Gangara. Sassaƙa ce sana'ar gidanmu: turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, da ƙotar hauya. Yaya ya girme ni nesa, shi ya zauna ya gaji gizagon tsohonmu. Ni lakol aka sa ni, ban yi nisa ba na fito, na tafi Maradi na koyi aikin katako. Can na san zarto da mita da gam da ƙusa. Can kuma na koyo raina gidanmu. In na zo ganin gida na tarar da Yaya ƙarƙashin itacen bedi, ya danne itace da ƙafa yana sara, ba awo ba layi, sai in ce a raina wannan ƙarfi ne kawai da haƙuri. Wata rana ma na faɗa a gabansa. Na ce aikin da ba a auna shi da mita ba, ba a kiran shi gwaninta. Bai ɗago kai ba, ya ce, "To, Allah ya ƙara basira." Ya ci gaba da saransa.

A wata bazara matarsa ta kira ni a waya ta ce Yaya ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An kai shi likita an dawo da shi. Na shiga motar kasuwa na tafi. Na same shi kan tabarma an jingina shi da bango, hannun da ya yi shekara da shekaru yana riƙe gizago yana kwance kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Magana tana fita, amma a hankali.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ƙanena, ruwa ya kusa. Mutanen garin ga duk shekara nan suke karɓar ƙota. Na yi musu alkawari tun kaka."

Na ce, "Yaya, ai kowa ya ga halin da kake ciki."

"Halin da nike ciki ba ya nome musu gona. Ka zauna mini kwana bakwai. Itacen yana nan, na sare shi tuntuni, ya bushe. Ni in zama ido, kai ka zama hannu."

Ya sa matarsa ta kai ni ƙarƙashin rumbu. Rassan marke ne jibge a inuwa, da ɓawonsu, karkatattu, kowanne da wani dunƙulallen kai a ƙarshensa, babu biyu da suka yi kama. Na dube su na dawo na ce ina da aikin mutane a Agiye, amma kada ya damu, ina da ragowar jan katako mai kyau, da inji kwana biyu sun ishe ni.

Ya ce, "Ba a yin ƙota da katako."

Na ce, "Wannan katakon ya fi marke tsada da kyau, Yaya. Bar mini kawai."

Ya rufe ido. Da zan fita na ce wa matarsa waɗancan itatuwan ba a bukatarsu.

Aikin Agiye ba shi ya hana ni zama ba. Ban iya riƙe gizago ba, shi ke nan gaskiyar. Na ƙi a ce mutanen ƙauyenmu sun wuce sun ga kafintan birni zaune a ƙasa, da furfurarsa, ana ce masa sara nan, bar can. Wannan kunyar na guje wa.

Na koma rumfata na zana ƙota ɗaya a kwali, na yanka sauran a kanta. Suka fito kai ɗaya, santsi kamar an lashe. Na goge su na shafa musu mai har suna ɗaukar ido. Na jera su jikin bango na ja baya ina kallo, ni kaɗai, ina jin daɗin kaina. Ranar kasuwar Gangara na ɗaure su na ba direba. Ban ce a kai wa Yaya ya gani ba. Na ce a sauke su kai tsaye a maƙerar ƙauyenmu, a ce daga gidan masassaƙa ne. Na ce wa kaina don a rage masa wahala ne. Yanzu na san tsoron idonsa nake yi.

Ga wanda bai sani ba: maƙeri yana gasa tsinin ƙarfen hauya har ya yi ja, ya huda kan ƙota da shi, ya kafa shi a ciki. Duk saran da manomi zai yi, a wannan kan yake sauka. Shi ya sa masassaƙi ke yanko ƙota daga inda reshe ya rabu da uwarsa, wurin da jijiyoyin itace suka murɗe suka cakuɗe, ba su da hanyar tsagewa. Katako kuwa jijiyarsa a miƙe take tun daga sama har ƙasa. A gidan da aka san wannan aka haife ni, amma ban taɓa tsayawa na tambaya ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga noman fari. Ban ji komai ba sai da maƙerin ƙauyenmu ya kira ni. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifinmu, bakinsa ba ya da linzami a kaina.

"Injiniya! Kana nan kana shan inuwa?"

"Bawana, mi ya faru?"

"Kayan adonka sun ƙare, ko za ka ƙaro? Uku a hannuna suka dare tun ƙarfe bai huce ba. Sauran gona ta gama da su. Jiya wani ya kai sara, ƙarfen ya tashi ya bar shi da sanda, saura kaɗan ya raba shi da ɗan yatsan ƙafa."

"To kai da ka gani, mi ya sa ka kafa?"

"Na faɗa musu. Suka ce daga gidan masassaƙa aka aiko, kuma ga sheƙi. Wa zai saurari mai baƙin hannu ga abu yana walƙiya? Ka zo dai. Wasan ya ƙare nan."

Washegari na tafi. Kafin in shiga wurin Yaya na leƙa ƙarƙashin rumbu, da niyyar in ce to, yanzu na yarda, a koya mini. Babu ko reshe ɗaya. Matarsa ta ga inda nake kallo ta ce, "Kai ka ce ba a bukatarsu. Kullum sai na dafa mishi ruwan gashi safe da yamma, da mi zan hura wuta?" Ba faɗa ta yi mini ba, ta faɗa ne kawai ta wuce da tukunyarta.

Ina zaune gefen tabarmar Yaya wani dattijo maƙwabcinmu ya yi sallama. Ya shigo da ƙota a rabe biyu, ya ajiye a gabanmu. Ya ce shekara talatin yana noma da ƙotar gidan nan, bai taɓa ganin irin wannan ba, ga ciyawa ta taso masa, ga kowa yana fama da tasa gonar. Yana maganar yana satar kallona.

Yaya ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Ni na ce a yi su da katako. Na ga kamar za ya yi. Shi abin da na sa shi ya yi."

Dattijon ya dube shi ya daɗe. Ya ce, "Kai ka ce?"

"Ni na ce."

"To, Allah ya sawwaƙe. Allah ya ba da lafiya."

Ina nan zaune. Bakina bai shanye ba, lafiyata ƙalau. Kalma shida sun isa: ba shi ba ne, ni ne. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma har dattijon ya ɗauki takalmansa. Daga baya taubashina ya gaya mini abin da ake faɗa a gari: ciwon Yaya bai tsaya a hannu ba, ya taɓa masa kai, tunda har ya manta abin da ake ƙota da shi. Mutumin da ake kawo wa itace daga wasu garuruwa don ya duba ya ce za ya yi turmi ko ba za ya yi ba. Na ce wa taubashin ya gaya musu gaskiya mana. Ya ce, "Ni in ƙaryata shi yana kwance? Kai mi ya riƙe naka bakin?"

Da yamma ta yi, Yaya ya ce a ɗaura wa jaki amalanke. Na ɗauke shi na ɗora, bai fi nauyin ƙyauren ɗaki ba. Na ja muka tafi gonarsa. Gero ya kai gwiwa, ciyawa ta kusa kamo shi. A gonar akwai marke da kalgo da ya bari suka tashi tun suna tsiro, yana rage musu rassa duk shekara. Ya sa na tsaya gindin wani marke, ya ɗaga hannun hagu.

"Ka ga wancan? Shekara ukku nike jiran shi. Bana ya isa. Na kusa da shi kuwa ƙarya yake, kyau gare shi amma cikinsa rami ne."

"Ta yaya ka sani?"

"Dubi ɓawon wajen gaɓar."

Na duba. Ban ga komai ba, amma na ce na gani. Muka zaga itatuwa wajen goma yana nunawa, ina gyaɗa kai. Ko takarda ban ɗauko ba, ni mai fensir a kunne. A hanyar dawowa na so in ce ya yafe mini. Na shirya maganar tun daga bakin gona, muna isowa ƙofar gida na ji kaina ina cewa jakin nan yana ɗingishi. Ya ce, "Tsufa ne. In an yi girbi ka zo mu sara. Ɗanye ba ya yi, sai ya sha inuwa wata huɗu."

Na ce in sha Allahu.

Da kaka ta yi, aikin gadajen aure ya taso mini kamar kowace shekara. Na ce bari in gama wannan, bari in gama wancan. Sau biyu matar Yaya tana kira tana cewa yana tambayata. Kira na uku ba tambaya ba ce. Na isa an riga an yi masa wanka.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, na miƙe a gaban mutane na ce ina da magana. Na ce ƙotocin bana ni na yi su da ra'ayina, ya hana ni ban hanu ba, bai ma gan su ba sai da suka tsage, kuma hankalinsa garau yake har ya koma ga Allah. Na zaci za a yi salati, ko wani ya zage ni, da na ji sanyi. Liman ya ce Allah ya gafarta mana baki ɗaya, aka ce amin. Dattijon nan maƙwabcinmu ya ce, "Da ka faɗa ran nan, da ya ji." Sai wani ya tambayi farashin wake a Gangara, hira ta koma can.

Matar Yaya ta ba ni gizagonsa kafin ta koma gidansu. Bayan sati biyu na je gonar ni kaɗai da gatari. An kwashe gero, sai kara. Na tsaya gindin marken farko na ɗaga kai. Rassa biyu ne kusa da juna, ɗaya wanda ya jira shekara uku, ɗaya mai rami. Na zaga itacen, na dawo, na sake zagawa. Na hau na shafa ɓawon kowanne da hannu. Babu wanda zan tambaya a duk faɗin gonar. A ƙarshe na sare na dama, don shi ya fi kyau a idona. Yana faɗowa ƙasa ya buɗe a gaɓar, tururuwa suka watso daga ciki.

Na zauna kan kunyar gero har rana ta karkata. Sannan na tashi na sare ɗayan, na ɗaure shi a bayan babur na kawo Agiye. Yana bayan rumfata a inuwa. Mutanen ƙauyenmu yanzu wani gari suke zuwa sayen ƙota, kuma ban ga laifinsu ba. In aiki ya lafa da la'asar, nakan ja labulen buhu in rufe bakin rumfar, in zauna a ƙasa in danne guntun itace da ƙafa in gwada gizagon. Saran yana zamewa, wani lokaci ya ci da yawa. Reshen nan dai ban taɓa shi ba tukuna, ina tsoron in lalata shi.