Layun Bindigar Injiniya

Har yau ban manta da hunturun shekarar da maigidana ya koma gida jinya ba. Sanyin Riyad na shekarar ya shiga ƙashi, ni kuma ga ni a ɗaki ɗaya a Manfuha da yara biyu, Bashir da Nana, iƙamata kuma, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta kusa ƙarewa. Shekara ce da na yi ta tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Ba na musu da kowa, abin da aka ce in yi shi nake yi, don dai a sabunta mini takarda in ci gaba da riƙe yaran nan. Ku da kuka zo wurin aikin nan bayana kuna yawan tambayata dalilin da ya sa akwai ɗinkin da ba na taɓawa ko da wa ya kawo shi. To ga mafarin abin.

Ga wanda bai san wurin ba, warsha ce, wato gidan sana'ar hannu, a unguwar Utaiƙa da ake yin kayan gargajiya na ado: takubban bango, garkuwa, sirdin raƙumi, akwatunan da ake jerawa a gidajen abinci da wuraren biki. Aiki yakan fara zuwa hannun mushrif, wato mai kula da mu, Abu Sa'ad. Shi zai miƙa wa kafintoci, daga nan masu ƙarfe, sannan ya iso ɗakinmu na mata, inda ake sa fata da ado. Ni 'yar dukawa ce, a gaban mahaifina na koyi riƙon basilla tun ban san kaina ba. Karatu kuwa sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa in rubutuna ya karkace ku yi mini uzuri.

In sanyi ya shigo, mutanen garin nan sukan fita bayan gari shan iska. A cikinsu akwai masu wani wasa da suke kira eyasof. Manyan mutane ne da gemunsu, sai su sa kakin soja da tabarau, su rabu gida biyu, suna ɓuya suna harbin juna da ƙwayoyin roba waɗanda ba su kai ƙwayar wake ba. Wasu ba sa son bindigar roba irin ta kanti, sai su kawo mana kayan cikinta mu yi mata riga ta itace da fata, ta koma kamar ta mutanen da. Abu ɗaya ne ba a sakaci da shi: sai an bar jan zobe a bakin bututun don kowa ya san ta wasa ce.

A haka wani ɗan ƙasarmu ya zo, Injiniya Kabiru, mai aiki a wani babban kamfani, gidansa a Nasim. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinmu tare da Abu Sa'ad da Baba Idrisu, tsohon kafintanmu, Bahaushen Sudan. Da ya ji ni Bahaushiya ce sai fuskarsa ta washe.

"Hajiya, ashe gida na zo. Dubi nan." Ya miƙo mini waya. Hoton wani tsoho ne riƙe da doguwar bindigar toka, gindinta naɗe da jar fata, ga tuntu da farin wuri, layu jere a jikinta. "Kakana ne, sarkin mafarautan garinmu. Abokan wasana kowa ya yi irin ta kakanninsa, har da mai ta Turkawa. Ni ma irin wannan nake so, kada a rage komai."

Na ce, "Injiniya, fatar da tuntun da wurin duk zan yi maka. Amma layun nan a bar su. Ka san garin nan, abin da muke kira laya su sihiri suke kiransa, kuma ba sa wasa da maganar."

Ya yi dariya. "Haba Hajiya, ado ne fa. Bindigar mafarauci babu laya ai sanda ce. Wa zai tsaya duba wannan a cikin sahara?"

"Wanda ba ka zata ba."

"In an yi magana ni ne mai ita, ni zan amsa. Ki kwantar da hankalinki, Mama."

Da yake Hausa muke yi, Abu Sa'ad bai ji komai ba. Ya dai ga muna ja-in-ja da babban mai sayayya, sai ya ce mini da Larabci in yi masa abin da yake so, halas, wato magana ta ƙare. Na tuna iƙamata. Na ce to.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin nan. Baba Idrisu ya sassaƙa gindin da itace mai duhu, ya goge shi da mai har ya yi kamar wanda gumin hannu ya daɗe yana ci. Masu ƙarfe suka sa dogon bututu mara nauyi, suka ɗaure shi da zobban tagulla. Da ta iso gabana sai na ga kamar ina zauren mahaifina, lokacin da mafarauta kan kawo nasu a sake musu fata kafin a shiga dawa. Na jiƙa jar fata na ja ta har ta kama itacen, na bi da ɗinki ƙanana, na yi tuntu, na jera wuri. Layun kuma na yanka su masu kusurwa huɗu kamar na gaske, na cusa musu guntayen soso. Na ƙarshen ne soso ya ƙare mini, sai na yago kwalin ganyen shayin da muke dafawa, na ninke na sa.

Baba Idrisu ya ɗaga ta ya saita bango, ya ce, "'Yar dukawa, wannan ko zaki ya gani sai ya nemi sulhu. Saura ki tofa mata."

Na ce, "Baba, rufa mini asiri."

Injiniya ya zo ya karɓa, ya yi ta ɗaukar hoto, yana cewa hannuna albarka ne.

Ranar Juma'a suka yi wasansu. Ran Lahadi bayan azahar ina tsakar ɗinki Abu Sa'ad ya leƙo, fuskarsa ba annuri, ya ce in sa abayata in ɗauko iƙamata, ana nemanmu a ofishin askarawa, wato 'yan sandan garin. A mota ya faɗa mini abin da ya faru. Wani dattijo da ya raka ɗansa filin wasa ya ga layun, ya yi magana, gardama ta tashi, mai filin ya kira hukuma, aka karɓe bindigar. An tambayi Injiniya, ya ce a kira waɗanda suka yi ta.

Har muka isa hankalina na gida. Bashir da Nana kawai nake gani. Da safe na bar musu shinkafa a tukunya na ce ina dawowa kafin magariba. In aka ce ni mai sihiri ce, ba maganar tarhil kaɗai ba ce, wato a sa ni a jirgi a mayar gida. Sai an fara tsare mutum, kuma ba wanda ya san ranar fitowa. Wa zai buɗe wa yaran nan ƙofa? Wa zai gaya wa ubansu da ke kwance?

Aka shigar da mu wani ɗaki. Bindigar na kan tebur. Jami'in mai tauraro a kafaɗa, mutum ne mai natsuwa, ya ba ni kujera. Injiniya na zaune a gefe cikin fararen kaya, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. Na gaishe shi da Hausa. Ya dubi agogonsa.

Jami'in ya tambaye shi ko shi ya ce a sa waɗannan. Ya amsa da Larabci mai kyau, irin na makaranta. Ina jin ya ɗauka ba na ji. Ni kuwa na daɗe a garin nan, Larabcina na kasuwa ne da na wurin aiki, amma kunnena ba ya zubar da komai.

Ya ce shi ado kawai ya nema, bai san an sa wani abu ba sai da aka nuna masa. Ya ce shi mutum ne mai aƙida, bai yarda da irin wannan ba. Sannan ya nuna ni da haɓa ya ce, "Matan ƙauyukanmu ne, ba su yi karatu ba. Haka suke, komai sai sun sa masa tsafi."

Ban san irin zafin da ke cikin jikina ba sai ranar. Mutumin da ya kira ni Mama. Mutumin da ya nuna mini kakansa yana alfahari. Da ni kaɗai ya zuba a wuta da sauƙi, amma ya haɗa da uwarsa da kakarsa da duk matan da suka goya shi, ya miƙa wa baƙo don ya wanke farar rigarsa. Na dubi Abu Sa'ad, shi ma ƙasa yake kallo. Baba Idrisu da ya ji komai ba wanda ya kira shi.

Jami'in ya juyo gare ni. "Hajja, ke kika ɗinka?"

Na ce ni ce. Na ce shi ya kawo hoto ya ce a yi, na hana shi ya ƙi. Injiniya ya ce, "Ƙarya take yi." Ban sake kallonsa ba. Na ce wa jami'in a ba ni reza, ko shi ya yanka da kansa.

Ya yanka ta farko, soso ya faɗo. Ta biyu soso. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ina jin kowace yanka a jikina, don na san daɗewar da na yi kan ɗinkin nan. Da ya zo ta ƙarshe, takarda ta leƙo a ninke, da rubutun Larabci a jikinta. Injiniya ya gyara zama ya ce, "Kun gani ko?"

Jami'in ya warware ta a hankali, ya karanta, ya juya bayanta. Sai ya miƙa wa na kusa da shi, suka fashe da dariya. Yadda ake dafa shayi ne a rubuce. Abu Sa'ad ya yi dariya, Injiniya ma ya taya su, har da dafa ciki. Ni kaɗai ce ban yi ba.

Jami'in ya yi mini nasiha cikin mutunci, ya ce ko na wasa ne kada in ƙara yin mai kama da shi. Na sa hannu a takardar alkawari, aka mayar mini da iƙamata, aka ba Abu Sa'ad bindigar.

A waje Injiniya ya biyo ni, Hausarsa ta dawo.

"Hajiya, kin ga ai an wuce wurin, alhamdu lillahi. Ki gane, ni matsayina daban ne. In aka sa mini tabo, kwantiragina ya tafi. Ke kuwa na san ba abin da za su yi miki."

Na ce, "Ka sani?"

"To ai ga shi ba a yi ba."

"Injiniya, yarana biyu suna ɗaki yanzu suna jiran in murɗa mabuɗi."

Ya ce Allah ya raya su. Sannan, ko kunya babu, ya ce in cire ragowar layun in toshe wurin da kyau, yana son ta kafin Juma'a, akwai wasa. Abu Sa'ad ya amsa masa kafin in buɗe baki, ya ce babu damuwa.

Na isa gida ana kiran magariba. Nana ta ce na daɗe, na ce aiki ne ya yi yawa. Na zuba musu abinci.

Abin da nake so ku riƙe, 'yan'uwana masu allura, shi ne wannan. A sana'armu baki ne ke ba da umarni, amma baki ba ya barin sawu. Allura ce ke bari. Ranar da aka zo tambaya, ɗinkin za a bi har a iso hannun da ya yi shi, mai bakin kuwa ya riga ya shiga motarsa. Kuma kada jin Hausa a bakin mutum ya sa ku saki jiki. Wanda ya zo muku da "gida na zo", ku duba ko zai iya maimaita ta a gaban hukuma.

Washegari na riga kowa zuwa, ban da Baba Idrisu da na tarar yana share bakin ƙofa. Ya riga ya ji labari, bai yi mini wasan da ya saba ba. Na ɗauko bindigar na ɗora a cinyata, na sa bakin reza a ɗinkin farko. Na fara da layun, na bi da tuntu, na zare wurin na zuba a gwangwani. Sannan na kama jar fatar nan da na ja da hannuna har ta kwanta, na warware ta zare bayan zare, ban yaga ko'ina ba. Da na gama, abin da ya rage itace ne da bututu da jan zobe a baki.

Abu Sa'ad ya shigo ya tarar da ita a kan teburinsa. Ya dube ta, ya dube ni, ya tambayi ina fatar.

Na ce, "Mai ita ya faɗa a gabanka cewa bai san aikina ba. Ga tasa nan, ba hannuna a ciki. In yana son ado, a ba wadda ta yi karatu."

Na san sabunta iƙamata a hannun masu warsha yake, kuma Abu Sa'ad ya san na sani. Na ninke jar fatar na sa a ƙarƙashin tebur, na jawo sirdin raƙumin da na bari jiya, na zura zare a basilla.