Almustapha da Asibitin Surukinsa

Duk bakin ruwan Warra babu wanda bai san Almustapha mai jirgi ba. Gajere ne kakkaura, in ya zauna kusa da injinsa sai ka rantse buhun shinkafa aka manta. Shekara goma sha biyu yana ƙetarar da 'yan kasuwa da awakinsu, muryarsa ta fi ta injin ƙara.

Shekarar da jirgin abokinsa ya kife a gabansa, da hannunsa ya tsamo gawa huɗu. Tun daga nan ya yi shiru. Ya bar fita ruwa, ya koma gindin mangwaro yana kallon yatsun ƙafarsa. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Daga baya wani likita a Yelwa ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora shi kan wata 'yar ƙwaya kowace safiya, ya ce duk wata ya je asibitin garinsu a duba shi.

To, mai duba mutane a asibitin nan Malam Isa ne, uban matarsa Zakiyya.

Magani ya karɓe shi. Wata biyu ya koma ruwa, ya koma zagin fasinja. Amma a ɗaki, an ɗauke wuta. Sha'awa ta tafi ba sallama. Ya sha tsimin bakin kasuwa, ya ci yaji har da hawaye, shiru. Zakiyya ta yi lalle, ta yi turare har sauro suka bar unguwar. Da ta gaji ta ce, "Malam, in na gundure ka ne ka hwaɗa, in tahi gidanmu."

Duk wata sai ya je asibiti, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa.

"Maganin ga na sa ka wani abu?" in ji Malam Isa.

"Lahiya lau, Baba."

Da wane bakin zai gaya wa surukinsa wannan? Sai ya yanke wa kansa shawara: kowace safiya ya jefa ƙwayar a ruwa. Taubasansa sun ce kifin Warra na shekarar babu mai damuwa, sai dai ko ɗaya bai yi ƙwai ba.

Sati uku, jiri ya zo, shirun damuwar nan ya biyo baya. Zakiyya ta iske shi zaune bai fita aiki ba, ta tsare shi har ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa.

"Ashe ba ni ba ce! To mi ya hana ka gaya wa Baba?"

Ta ji abin da ta faɗa, ta rufe baki da mayafi.

Ranar kasuwa ita ta tasa shi gaba har Yelwa. Likitan bai ko ɗaga gira ba. Ya ce sananniyar matsala ce ga irin wannan magani, kuskuren shi ne yanke maganin da kai. Ya canza masa wani, ya rubuta dalili a kati, ya ce a kai wa mai duba shi a gida.

Da katin ya iso hannunsa, Malam Isa ya daɗe yana karanta layi biyun da ke ciki. Ya cire tabarau, ya tambaya ko ruwa ya fara ja baya. Ya miƙa magani yana kallon bango.

Tun daga watan, ranar zuwan Almustapha Jabir, abokin aikin surukin, ke zama a kujerar, shi kuwa Malam Isa gonarsa ke neman sa da gaggawa. Zakiyya tana nan ɗakinta, maganar tafiya gida ba ta sake tasowa ba.