Baffa Ilu da Tsagen Kakansa

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Juma'a, muna zaune a falon Baffa Ilu a unguwar Ka'akiyya da ke Makka: ni, da matarsa Hajiya Uwani, da baƙi uku da suka zo neman auren 'yarsa. Babban cikinsu, wani dattijo mai furfura, ya miƙa hannu za su gaisa. Baffa ya tsallake hannun, ya kama haɓar mutumin, ya juya fuskarsa wajen taga. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sake shi.

"Ba namu ba ne," in ji shi. "Tayyib, ba laifi, yanzu sai mu gaisa."

Hajiya Uwani daga bakin ƙofa ta ce, "Innalillahi! Malam, surukinka ne fa, ba ragon layya ba!"

Duk wanda ya san yayan mahaifina ya san wannan hali nasa. Wanda bai sani ba, ga dalili, kuma zan bi shi daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Kakan su Baffa, Malam Tanko, da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa. Ya ratsa Chadi, ya yi noman auduga a Sudan, ya haye teku, ya zauna a Makka har ya rasu. Bai taɓa faɗin sunan garinsu ba, "gida" kawai yake cewa. Takarda ɗaya ya bari, ta tafiya, kuma a gurbin asali an rubuta "Takruni", wato mutumin can yamma. Amma akwai hotonsa a manne, kuma a hoton ana ganin tsagen fuskarsa: bille a ƙarƙashin idon hagu, da dogayen zane daga gefen baki zuwa kunne. Baffa ya ce wannan ita ce takardar gaskiya, domin a da kowane gari da irin tsagensa. Ya rantse ba zai mutu ya bar jikokinsa ana tambayarsu asali suna cewa "Ka'akiyya" ba.

Na farko, zancen tashar mota ta Kudai. Ni aikina tsara motocin alhazai a tashar, saboda haka a gabana aka yi. Duk lokacin aikin hajji Baffa zai kawo kujerarsa ta roba ya dasa a bakin hanya, hoto a aljihu, yana karanta fuskoki. Wata rana ya hango wani tsoho mai zane a kumatu. Ya bi shi a guje, ya rungume shi yana kuka, ya tura shi cikin tasi zuwa gida. Aka dafa shinkafa da kaza biyu. Mutumin bai ce uffan ba sai da ya suɗe ƙashi, sannan ya yi godiya da Larabcin Sudan tsantsa. Ko "sannu" bai sani ba.

Na ce, "Baffa, tun a mota ba ka ji bakinsa ba?"

Ya ce, "Na zaci murna ce ta hana shi Hausa."

Na biyu shi ne wanda ya kusa kwantar da shi. Hoton ya fara dushewa, sai jikansa Faisal, wanda Larabci ya fi masa Hausa sauƙi, ya ce a kai wani shagon hoto a Rusaifa a ƙara masa girma. Suka kai. Da suka koma karɓa, mai shagon ya fito da allo babba yana fara'a, ya ce hoton ya sha ƙarzuna sosai a fuska, amma ya gyara da na'ura, kuma gyaran kyauta ne. Baffa ya duba. Ga Malam Tanko nan, kumatu sumul kamar na ango, babu bille, babu zane ko ɗaya.

"Wane ne wannan?"

"Jaddi, kakanka ne mana," in ji Faisal, wanda da Larabci yake kiransa kaka.

"Kakana? Wannan ai ɗan wasan ƙwallo ne! Kai yaro, shekara da shekaru ina neman garin mutum, ka share mini shi da yamma ɗaya?"

Mai shagon ya yi ta ba da haƙuri, "ma'alesh, ya ammi", ya ce zai mayar. Baffa ya ce ba a taɓa wanzami ya yi wa mamaci tsaga ba, kuma ba za a fara a kan kakansa ba. Ya karɓi tsohon hotonsa, ya ƙirga zanen a gabansu. Allon kuwa bai bari ba, tunda ya riga ya biya. Ya rataye shi a falo, duk baƙon da ya tambaya sai ya ce, "Wani bawan Allah ne, tare muke zaune."

Na uku, shekarar da ya samu dangi har suka yi yawa. Ya kamo dattawa biyu a Kudai, Bakatsine da Bakabe, ya zaunar da su, ya ɗora hoton a tsakiya. Bakatsinen ya ce rantsuwa ba kaffara, wannan zanen nasu ne. Bakaben ya ce, "Kai rufe mana baki! Bakatsine ne zai taka har Makka? Ai a Maraɗi zai zauna ya ce ya gaji." Bakatsinen ya ce to lallai in an ce mutumin ya yi shekaru a hanya, ɓata ya yi, kuma ɓata sai Bakabe. Sai ya lura ya ba da kakan da bakinsa, ya ce ya janye. Har aka kira magariba ba su rabu ba.

Baffa ya yanke hukunci: "Halas, magana ta ƙare. Na karɓi duka biyun har sai an tabbatar."

Tun daga nan, duk wanda ya zo umara daga gidajen nan biyu, a wurinsa yake cin abinci, su kuma ba sa zuwa hannu sake: daddawa, kuka, kilishi. Hajiya Uwani ta ce, "Malam, ka yi wa Allah ka tsai da gari ɗaya, tukunyata ba ta ɗaukar ƙasa biyu." Ya ce, "Ki gode ba a samu na uku ba." Da shekara ta kewayo aka samu, daga Zamfara.

Hajjinsa na ƙarshe ni na ɗauko masa kujerar. Ya wuni yana kallo, alhazai na wucewa, fuskoki duk a shafe. Da za mu tashi ya ce mini, "Habu, masu iya karatun nan suna ƙarewa. In na tafi, ka ci gaba da nema, kada ka tsaya jiran hutu." Bai kai wani hajjin ba.

Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Malam Tanko a Aljanna ya tambaye shi sunan garin da bakinsa.

Mu da muka rage ba mu da wannan damar tukuna. Hoton yana hannuna. Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa da za su zo Makka bana, musamman wanda ya taɓa jin labarin wani Tanko da ya tafi hajji a ƙasa bai komo ba, ina roƙo ya kawo mini su Ka'akiyya bayan la'asar su duba fuskar nan. Abinci a kaina.