Salkar Hajiya a Gaban Marsandi

Yau saura kaɗan in zalunci ƙanena Sani, ina bakin azumi.

Marsandin da ya kawo mini daga Kwatano tana da ɗan agogo mai nuna zafin gari. Tun da aka kama azumi rana ke ƙuna a Potiskum, amma agogon ya kafe a ashirin da biyar. Na ce lallai Sani ruɓaɓɓiyar mota ya haɗa ni da ita. Har na rubuta masa zazzafar wasiƙa da ajami.

Kafin in aika, na biya wurin Garba mai gyaran wayarin mota a unguwar Hausari. Ya leƙa ƙarƙashin bamba, ya taso da jiƙaƙƙen hannu yana dariya.

"Alhaji, wa ya ɗaure salkar ruwa a nan? Ai kan na'urar da ke auna zafin take ɗiga."

Na koma gida na tambayi uwargida. Hajiya ta ce, "Ni ce mana. Iskar hanya ke sanyaya maka ruwan buɗa-baki. Da ka zaci daga ina sanyin yake?"

Na yi istigfari, na yaga wasiƙar. Salka kuwa tana nan inda take. Bari agogo ya yi ta ƙaryarsa har Sallah.