Haƙorana Biyu da Yatsan Yaya

Na yi kusan shekara uku ina tofar da jini kullum da safe, ban taɓa ɗaukar abin ciwo ba. In na zo alwala na kurkure baki, ruwan ya fito ja-ja, sai in ƙara zuba wani in kore shi zuwa rariya. Lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a bayan Ƙofar Sauri, da mata da 'ya'ya biyu. Goro ba ya rabuwa da bakina, shayina kuwa sai ya yi zaƙi kamar zuma nake sha. Buroshi na daina taɓa shi, don duk sanda na sa shi jinin ƙaruwa yake yi, sai na yanke hukunci cewa shi ne ke yanka mini dasashi. Asuwaki ma sai ranar Juma'a, shi ma sama-sama.

Matata ta san halin da bakina yake ciki. Takan sayo kanumfari ta ajiye mini kusa da hula, ba ta cewa komai, don ta san ni da zuciya a kusa. Wanda ba ya tsoron zuciyar tawa mutum ɗaya ne, wana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda nake kira Yaya. Kafinta ne, shagonsa na Ƙofar Kwaya. Ya girme ni da shekara bakwai, kuma shi ya riƙe ni na yi karatu bayan rasuwar mahaifinmu. Mutum ne da ba ya tauna magana.

Wata Asabar bayan La'asar muna zaune a ƙofar shagonsa, mu shida a kan benci biyu, ana gardamar wane ne ya kamata ya gyara kwatar layin. Na ɗau zafi, na matso dab da fuskarsa ina kawo hujja. Sai ya ja kansa baya, ya sa tafin hannu ya tare ƙirjina.

"Kai, matsa can," in ji shi. "Ka bar maganar kwatar layi, ka fara da wadda ke cikin bakinka. Wallahi warin nan ya ishi mutane. Kowa a nan shiru kawai yake yi maka."

Wani ya yi dariya. Sauran suka sunkuyar da kai, kuma wannan sunkuyarwar ta fi dariyar ƙona ni, don ta nuna gaskiya ya faɗa.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na sharara wa Yaya mari, hularsa ta faɗa cikin dusar katako. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Ni ka mara?"

Maimakon in dawo cikin hankalina, sai na ci kwalarsa da hannu biyu na tura shi. Bayansa ya bugi teburin aiki, gwangwanin ƙusoshi ya kife, suka watse a ƙasa. Mutane suka taso suna salati, ɗaya ya riƙe ni ta baya, na fizge, gwiwar hannuna ta same shi a hanci. Na sunkuya na ɗauki wani guntun katako mai kauri, ƙafar kujera ce da ba a gama ferewa ba, na ɗaga. Na kai wa Yaya duka a kai, ya kauce, katakon ya same shi a kafaɗa. Na sake ɗagawa. A nan ne ya dunƙule hannun dama ya kai mini naushi ɗaya a baki.

Ban ji zafi ba da farko. Na ji dai wani abu ya ce ƙaras, bakina ya cika da ɗumi, na tsinci kaina a zaune a kan ƙusoshi. Na tofar. Haƙorana biyu na gaba, na ƙasa, suka faɗo cikin jinin da saiwarsu gaba ɗaya, dogaye, baƙaƙe daga rabi zuwa ƙasa. Jini ya jiƙa mini gaban riga har zuwa wando. Yaya yana tsaye yana huci, bayan hannunsa shi ma yana ɗiga, haƙorina ya tsaga masa fata a gindin yatsan tsakiya. Ya yagi wani tsumma da yake goge fenti da shi ya ɗaure wurin.

Kafin Magariba labari ya isa gidanmu. Inna, mahaifiyarmu, ta aiko a kira mu. Ni kaɗai na je. Ta dubi kumburarren bakina ta ce, "Shi ya fara ko kai?" Na kawar da kai. Ta ce, "To, tashi ka ba ni wuri."

Ranar Litinin na tafi sashen haƙori na asibiti, kuma ba neman magani ya kai ni ba. Takarda nake so likita ya rubuta mini in kai wa 'yan sanda, don na rantse sai Yaya ya kwana a bayan kanta. Na naɗe haƙoran biyu a cikin takarda a matsayin shaida.

Likitar mace ce, ba za ta girme ni ba. Ta saurari labarina har ƙarshe, ta buɗe takardar, ta juya haƙoran da wani ɗan ƙarfe. Sa'annan ta ce in buɗe baki. Ta riƙa zura wani siririn ƙarfe tsakanin haƙori da dasashi, ina jin yana nutsewa kamar ana soka tsinke a cikin laka. Duk inda ta taɓa sai jini, wani wurin har da mugunya. Ta sa yatsa ta girgiza wasu haƙora uku, suka motsa.

"Malam, zan rubuta abin da na gani," in ji ta. "An buge ka, gaskiya ne. Amma dubi saiwar nan. Wannan baƙin da ka gani datti ne da ya daskare shekara da shekaru, ya ci dasashin, ya ci ƙashin da ke riƙe haƙorin. Da ƙashin na nan, da wuya naushin ya tumɓuke su haka. Ko ba a taɓa ka ba, waɗannan biyun suna hanyar faɗuwa."

Na ce ai buroshi ne ya jawo, shi ya sa na daina.

"Jinin ne ke gaya maka wurin na bukatar wanki, kai kuma ka gudu."

Ta kwantar da kujerar ta fara aiki da wata na'ura mai ƙara kamar ta masu walda. Ban taɓa shan azaba irin ta wannan rana ba. Tana kankara, ɓarɓashi yana fallatsa a harshena kamar tsakuwa, ruwa da jini suna taruwa a maƙogwarona, na ƙanƙame hannun kujera har farcena ya karye. Sau uku na koma kafin ta gama bakin duka. Ta ɗauki buroshi mai laushi ta nuna mini yadda ake karkata shi zuwa gindin haƙori a riƙa gogawa a hankali, safe da kafin kwanciya, ko da jini ya fito. Ta ba ni wani zare na sakace tsakanin haƙora. Ta ce asuwaki ma yana da kyau, in dai za a bi kowane haƙori ciki da waje. Takardar 'yan sandan ban sake tambayarta ba, amma ban kuma je wurin Yaya ba.

Kwana biyar bayan faɗan, matarsa ta zo gidana da rana tsaka, ko mayafinta ba ta daidaita ba. Ta ce an kwantar da shi a asibiti. Hannun ya kumbura har wuyan hannu, ya yi ta gasa shi da ruwan gishiri yana ci gaba da aiki, sai da zazzaɓi ya kayar da shi a shago.

Na same shi a ɗakin maza, an rataye hannun a jikin ƙarfe. An tsaga shi a wuri biyu an matse mugunya. Likitan da ke duba shi ya ce rauni daga haƙorin mutum yana cikin munanan raunuka, don ƙwayoyin cutar baki sun shiga har cikin gaɓa. Ya tambaya ko wanda aka buga ɗin yana da ciwon baki. Yaya ya kalli bango. Ni na ce, "Ni ne, kuma ina da shi."

Da likitan ya wuce na durƙusa a gefen gadon.

"Yaya, ka yafe mini."

Ya dubi hannunsa da ke rataye. Can ya ce, "Da a ɗaki na kira ka na faɗa maka. Wannan laifina ne. Amma ka ɗaukar mini katako." Muryarsa ta karye a kan kalmar katako, ya juya kai.

An ceci hannun, amma yatsan tsakiya ya sandare, ba ya lanƙwasuwa har yau. Sai da ya koyi riƙe zarto da guduma wani iri, kuma aikin sassaƙar ƙananan abubuwa, wanda da shi aka san shi, ya bar wa wasu. Cikin haƙora ukun da suke motsi, ɗaya ya tafi, biyu sun tsaya. Jinin safe ya ɗauke cikin 'yan makonni.

Mun yi wata huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar da aka yi sunan 'yarsa ta ƙarshe, ya aiko a ce in zo da wuri, ni zan tsaya wajen yanka rago, don hannunsa ba ya riƙe wuƙa sosai. Na je tun kafin a fito da tabarmi. Ya danne ragon da gwiwa, ni na yi bisimilla na yanka.